Ranar da Sitti Ta Tare Motar Ruwa

Ranar Arfa ce, tara ga watan Zulhajji, ina 'yar shekara goma, a shekarun da aikin Hajji ke faɗowa a tsakiyar zafi. Hantsi ya ɗaga, unguwarmu ta Tandabawi ta yi tsit, don duk namiji mai ƙarfi a jika ya bi alhazai Mina da Arfa neman abin sawa a baka, wani ɗan jagora, wani ɗan dako, wani mai dafa abinci. Ina zaune a kan matakalar cikin gida ina tsince shinkafa sai na ji wani abu ya ce ƙas daga saman bene, sannan wata ƙara ta biyo baya wadda ban taɓa jin irinta ba. Kafin in ajiye faranti ruwa ya gangaro matakala ya jiƙa mini siket. Na haura a guje. Abin da na tarar, har yau ban manta da shi ba. Bututun da ke gindin tankinmu ya ɓalle, ruwa na feshi da ƙarfin tsiya, kaurinsa ya kai damtsena, yana dukan katangar da ke fuskantarsa yana tartsatsi ko'ina. Can gefe kuma ga ragon sunan ƙanena, igiya a wuya, guntun bututu na bin sa a ƙasa, yana kallona yana tuƙa abinsa hankali kwance. Ni ce na ɗaure shi a jikin bututun nan da hannuna.

Sai wanda ya zauna a irin gidajenmu zai san girman wannan ɓarna. Gidan siriri ne, hawa uku, a jikin dutse, kuma daga bakin titi sai ka hau matakala har gwiwarka ta yi tsami kafin ka iso ƙofarmu. Ba mu da tsakar gida irin wadda iyayenmu ke ba mu labari, saman bene shi ne tsakar gidanmu. A can ake shanya, a can ake girkin babbar tukunya, a can muke carafke da 'yar gala-gala a kan layin da muka zana da gawayi, a can kuma muke leƙen minarorin Harami ta tsakanin gidaje muna gardamar wadda ta fi tsawo. Famfo bai hawo mana dutse ba a lokacin. Ruwanmu motar ruwa ce ke kawowa, wadda kowa a Makka ke kira wayit, ta tsaya a ƙasa, maza su ja tiyo har sama, a cika tanki. In Hajji ya matso, kowane maigida sai ya yi ta maza ya cika nasa, don daga an fita Mina duk wayit ɗin garin na alhazai ne, ba ka ƙara ganin mai sauraronka sai an gama jifa. Baba ya cika namu kwana biyu kafin ya tafi, ya zura sanda ya auna, ya tara mu ya ce, “Wannan shi ne ruwanku har in dawo.” Daga ranar ruwan alwala ba ya zubewa a banza, da shi ake goge ɗaki, na ɗauraye kwano kuma shi ake ba shuke-shuken Umma da ke cikin gwangwanaye.

A shekarar nan kuwa lissafin ruwan ya fi na kullum tsauri, domin Umma na da kwana huɗu da haihuwa. Mu da aka haifa a Makka, har iyayenmu ma wasu a nan aka haife su, mun saki abubuwa da yawa na gida, amma wankan jego bai saku ba, aƙalla a gidan da kakata take. Safe da yamma sai an tafasa ruwa cikin wata tukunyar ƙarfe da ni kaina zan iya zama a ciki, a samo ganyen darbejiya, a shiga da mai jego banɗaki a yi ta fyaɗa mata har sai an ji muryarta daga waje. Ragon kuma Baba ne ya saya tun da wuri, don ya san ba zai sauko daga Mina ba sai ranar suna. Da ƙyar aka hau da shi bene, ana ja ana turawa, maƙwabta na dariya ta taga. Siminti ba ya karɓar turke, sai aka ɗaure shi a ƙarfen ƙofar bene, aka ce ni ce mai ba shi ciyawa da ruwa. A safiyar nan na hau na tarar rana ta cim masa, yana haki harshe waje, inuwa kuma babu sai ta gindin tanki. Tausayi ne ya ja mini. Na kwance shi na kai shi inuwa, na duba ban ga abin ɗaurewa ba sai bututu, har ina yaba wa kaina dabara.

Kakar tawa mahaifiyar Umma ce, muna ce mata Sitti kamar yadda yaran Makka ke kiran kaka. Mutanen unguwa kuwa a bayan idonta Iza'a suke ce mata, wato gidan rediyo, kuma Allah ya sani ba su yi mata ƙazafi ba. Ban taɓa ganin mai magana irin ta Sitti ba. In aka haɗa ni da ita sayen gurasar tamis da sassafe, to a gida a nemi wani abin karin kumallo, don ba mu dawowa sai gurasar ta yi sanyi ƙalau. Za ta gaida mai gurasa, ta tambayi uwarsa da ubansa da ciwon bayan da ya faɗa mata bara, ta juya kan wadda ke bayanta a layi, daga nan labari ya haifi labari, na yadda ake ɗebo ruwa a da, na farashin gero a shekarar da aka haifi Umma, na wata mata da ta ara mata turmi ta dawo da shi a tsage. Larabcinta kuma na kasuwa ne, duk inda ya ƙare mata sai ta cike gurbin da Hausar Kano ta ci gaba, ko mai sauraro ya gane ko bai gane ba. “Ku yaran yanzu kuna gaisuwa kamar ana bin ku da sanda,” haka take ce mana. Ba zan ɓoye ba, kunyar tafiya da ita nake ji. In na hango 'yan ajinmu a hanya, 'ya'yan Larabawa masu magana ƙasa-ƙasa, sai in ja baya in yi kamar ina gyara takalmi, don kada gobe a makaranta a kwaikwayi muryarta.

Da ta hawo benen a ranar, tana dafa bango tana numfashi, na riga na saddaƙar cewa yau zan sha faɗan da zai kai la'asar. Sai ta dubi ruwan, ta dubi ragon, ta dube ni, maimakon faɗa ta ce in yi maza in kawo bokiti. Muka rarumo duk abin da ke da baki, bokiti, tukwane, har kwanon tuwo, muna tarawa ruwan na ture su. Ta tura ni na ɗauko muciya, ta yage gefen tsohon zanenta ta naɗe kanta, muka haɗa ƙarfi muka cusa a ramin, ruwa na dukan fuskarmu, ta samo taɓarya ta doddoka har ya tsaya sai ɗigo. Amma aikin gama ya gama. Da ta zura sandar Baba ta zaro, abin da ya jiƙe bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Da shi da wanda muka tara, in an yi tsimi zai kai mu sha da girki, wanka kuwa ko na yammacin ranar ba zai yi ba. Maƙwabta ba za su hana bokiti ɗaya ba, sai dai kowa nasa a aune yake, babu mai ruwan tafasa tukunya biyu kullum har kwana huɗu. Umma ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, “Inna, a haƙura da wankan nan har Malam ya dawo. Matan Larabawa ba sa yi, ga su nan da ransu.” Sitti ta ce, “Ba a gidan da nake numfashi ba.” Ta yafa abayarta a kan jiƙaƙƙun kaya, ta cafki wuyan hannuna. “Ke kika ɗaure, ke za ki raka ni.”

Muka sauka bakin titi. Wanda bai ga Makka ranar Arfa ba ba zai yarda garin nan yana iya yin shiru haka ba. Shaguna a rufe, kwalta na tururi, sai kyanwoyi a ƙarƙashin motocin da aka ajiye. Muka raɓe a rumfar wani shago, ita tana azumi, ni ina ta haɗiyar kuka. Motar da ta wuce ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, babu wayit ko ɗaya, har aka kira azahar ta yi sallarta a nan kan kwali. Bayan nan ne muka ji nishin babbar mota tana hawo gangare, ruwa na ɗiga a bayanta. Kafin in ankara Sitti ta shiga tsakiyar titi ta ɗaga hannu biyu. Direban ya taka birki har motar ta girgiza. Wani dattijon Bayamane ne mai furfura a gemu, da tawul a wuya. Ya saurari buƙatarta, ya girgiza kai ya ce, “Ya Hajja, wallahi ma agdar,” wato ba zai iya ba. Ruwan na wani masaukin alhazai ne, an ba shi lokaci, kuma ba zancen kuɗi ba ne. Ya ɗaga mata hannu alamar ta ba shi hanya.

Sitti ta matsa daga gaban motar, amma sai ta zagayo ta kama marfin ƙofarsa ta riƙe, ta gyara tsayuwa. Ni da na san wannan tsayuwar na ce a raina yau mutumin nan ya shiga uku. Ta soma da gaisuwa, kamar yanzu suka haɗu. Ta tambaye shi garinsu, ta tambayi mahaifiyarsa tana raye ko ta rasu, 'ya'yansa nawa, wa ke yi masa girki a nan. Ta sa masa albarka, ta ce mai shayar da mutane a rana irin ta yau ba ƙaramin mutum ba ne. Daga nan ta shiga lissafo mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi tarihin ragon tun daga kasuwa, ta nuna ni da yatsa ta zayyana wautata ba ta rage komai ba. Ta ce masa masaukin da zai kai wa ruwa yanzu ko ƙuda babu a ciki, masu shi suna Arfa suna kuka ga Ubangiji, babu mai buɗe famfo kafin gobe, zai iya komawa ya ciko wani ya kai musu rana ba ta faɗi ba. Duk inda Larabci ya ƙare mata sai ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, “Faɗa masa.” Ni kuwa in fassara kaina a sunkuye, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, don na ga tagogi sun soma buɗewa, mata na leƙowa. Sau uku yana tayar da mota, sau uku yana kashewa. Ya dubi agogo, ya goge wuya da tawul, ya ce “Halas ya Hajja” wato ya isa haka, ya fi sau goma. Amma ɗan mutunci ne, ba zai ja mota tsohuwa na riƙe da ƙofarsa tana tsakiyar magana ba, ita kuma ta san haka sarai, shi ya sa ba ta bar maganar ta kai ƙarshe ba.

Inuwar motar ta fara karkata lokacin da muryarta ta sauya. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Ta daina Larabcin gaba ɗaya, ta koma Hausa zalla, a hankali, ta ce in faɗa masa kada in tsallake ko kalma. Ta ce tana kamar shekaruna suka baro gida da iyayenta cikin ayarin masu zuwa Hajji ta ƙasa. A wani fako a ƙasar Sudan, inda babu rijiya kusa, naƙuda ta kama mahaifiyarta, ta haihu a gindin wata ƙaya. Ruwan da ke ayarin na sha ne a cikin salka, kowa na kaffa-kaffa da nasa. Aka ba ta ƙwarya aka ce ta bi mutane ta roƙo a haɗa na wanka. Ta ce ita yarinya ce mai kunya a lokacin, in ta je gaban mutum sai ta yi magana can cikin maƙoshi, da ya ce babu sai ta juya. Haka ta zagaye ayarin ta dawo da ƙwarya ko rabi ba ta yi ba. A kwana na huɗu jikin uwar ya kumbura, kafin rana ta faɗi ta cika, jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. Ban taɓa jin wannan labarin ba, ni da nake zaton na haddace duk labaran Sitti. Ina fassarawa har na kai inda na kasa, ta jira ni na ƙarasa. Sannan ta dubi direban ta ce, “A ranar na yi shiru, ya waladi, ɗana. Yau 'yata ce a kwance, kwana huɗu, ba zan yi shiru ba.”

Mutumin ya goge fuska da tawul. Sannan ya ce, “Fen al-bet?” yana tambayar ina gidan. Da na nuna masa can sama sai ya riƙe baki, ya ce shi dole ya tsaya wajen injin, wa zai ja tiyo? Ashe matan da ke leƙe ba kallo kawai suke ba. Kafin ya gama warware tiyon sun fito, Hausawa da wata 'yar Jawa ta Indonesiya maƙwabciyarmu da 'ya'yanta, kowa ta ɗaure abaya a ƙugu. Tiyon wayit ba abin wasa ba ne, baƙi ne mai nauyi, ga zafin rana ya gasa shi. Muka jeru a kan matakala muna miƙa wa juna, ana “ja, ja” ana dariya, wata ta zame ta zauna daɓas aka ɗaga ta, har bakinsa ya leƙa saman benenmu. Mu huɗu muka danne shi a bakin tanki, na leƙa ƙasa na ɗaga wa direba hannu. Da ya tayar da injin sai tiyon ya kumbura ya yi wani tsalle ya kusa ƙwace mana, ya watsa mana ruwa tun daga kai har ƙafa kafin mu mayar da shi ciki. Sai ga ruwa na ambaliya cikin tanki, ƙararsa na sauyawa yana hawowa. Wata dattijuwa ta rangaɗa guɗa, a Makka, ranar Arfa, babu ango babu amarya. Direban ya karɓi kuɗinsa yadda aka saba, Sitti ta bi shi da addu'a har motar ta sha kwana, ina jin ma bai ji rabinta ba.

Kafin magariba tukunya ta tafasa. Ina zaune a bakin banɗaki riƙe da jariri ina jin saukar ganye da muryar Umma tana “Wayyo Inna, a hankali,” ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Sitti ta sha ruwa da dabino uku, muryarta ta dushe sai raɗa-raɗa, amma da raɗar ta ba matan da suka shigo barka labarin yadda aka yi, kamar ba a gabansu aka yi ba. Baba ya sauko ranar suna ya tarar da muciya a gindin tankinsa, ya yi ta salati, aka sake ba shi labari daga farko. Ni dai ban sha duka ba. Ragon kuwa na ci namansa da huce haushi. Da aka koma makaranta, ranar farko da muka haɗu da 'yan ajinmu a hanyar mai gurasa, na kama hannun Sitti na tsaya a gefenta har ta gama, na ce musu wannan kakata ce. Umma ta yi arba'in ɗinta cif, ba a tsallake wanka ko ɗaya ba.

Yanzu gidan nan babu shi, yana cikin waɗanda aka rushe da aka zo faɗaɗa gari. Muna Rusaifa a bene mai lif, ruwa na zuwa da kansa, in ya yanke a danna waya a kira. Jaririn da na riƙe a bakin banɗaki ya fara furfura. Da 'yata ta haihu na kawo zancen wanka da ganye, ta amsa mini da Larabci kalma biyu, likita ya hana, ni kuma ban ja ba, don wataƙila da gaskiyarsu. Sai dai a duk dangi ni ce yanzu ake turawa in an je ofis an ce a dawo gobe, don an san ba na juyawa daga “babu” ta farko, kuma ina alfahari da inda na gado wannan. Sitti ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, ta maimaita kowane labari nata har muka gaji, amma na fakon nan ba ta sake buɗe baki a kansa ba, ni ma ban yi hankalin tambaya ba. Ban san sunan wurin da aka binne mahaifiyarta ba. Abin da na sani, albarkacin wannan kabarin ne tawa uwar ba ta kwana ba wanka ba.